Injin da Bai San Biki Ba

A zaurena na Zurmi akwai lungun da nake ajiye abubuwan da ba su yi kama da 'yan'uwansu ba. Akwai gora mai wuya biyu, da dutse mai rami a tsakiya kamar an huda shi da basilla, da guntun ƙarfen da na tsinto a Ƙaura daidai inda layin dogo ya ƙare. A samansu na rataye faifai guda wanda gara ta cinye rabinsa. Shi kaɗai ne in na dube shi raina ke ɓaci.

Ɗiyata Ummusalma ta dawo gidana bayan rasuwar mijinta. Da safe tana koyar da yara a Islamiyya, da yamma tana tara faya-fayai. Matan ƙauyukan Dauran da Gurbin Bore sun iya saƙar kaba. Suna rina ta ja da kore da ruwan goro, su yi faifan da in an rufe ƙwaryar fura da shi sai ka ji nauyin buɗewa. Amma ba su fita kasuwa. Shekara da shekaru wani dillali, Bilyaminu, shi ke bin gidajen da buhu a bayan mashin, ya tsaya a ƙofa ya aika da abin da ya ga dama, ya kwashe ya kai Shinkafi. Ummusalma ta ga abin bai yi mata ba. Ta tafi Ƙauran Namoda wurin Tambari, mai shagon intanet kusa da tasha, ya buɗe mata shafi, aka ɗora hotunan faya-fayan da lambar wayarta. Wannan bayan ƙaddamar da Shari'a ne da shekara goma sha wani abu, lokacin da waya ta shiga aljihun kowa.

Ban wuce aji huɗu na firamare ba, amma abin mamaki ba ya wuce ni ban leƙa ba. Duk ranar da za ta Ƙaura sai in bi ta in zauna kan benci ina kallo. Tambari ya nuna mini injin bincike: ka rubuta abin da kake nema, ya jero maka shafukan da ke da shi. Na sama shi ake gani, na can ƙasa babu mai saukowa gare shi. Nakan zauna ina ta zana injin nan a raina kamar wani tsoho makaho a cikin ɗaki, duniya duka tana tambayarsa hanya.

Masu saye suka fara kira daga Kaduna da Abuja, har da Ikko. Direbobin tashar Ƙaura ke ɗaukar kayan. Matan Dauran suka daina jin ƙarar mashin ɗin Bilyaminu a ƙofa.

Wata rana Tambari ya kira mu gaban kwamfuta yana murmushi. Wata mata mai shagon kayan ado a Kaduna ta sayi faya-fayan, ta yi rubutu a shafinta tana yabon su.

"Malama, kin ga wanga rubutu mai shuɗi?" in ji shi. "Mahaɗi ke nan. Duk wanda ya taɓa shi, daga shafinta sai shi faɗo naki. Injin kuma yana lura. Yawan masu nuna ki, yawan hawanki sama."

Ummusalma ta ƙura wa rubutun ido. Can ta ce, "Ashe biki tay yi min."

Tambari ya yi dariya, ya ɗauka wasa take. Ta ce ya koya mata yadda ake sa irin rubutun nan, ya koya mata. Ba a daɗe ba wansa ya kwanta asibiti a Kano, ya rufe bayan shagon ya tafi jinya, ya bar wani yana karɓar kuɗin masu shiga kawai. Rabin maganar da ya kamata ya faɗa mata ya tafi da ita Kano.

Duk wanda ya tashi a cikin mata ya san biki. Ƙawarki ta kawo miki gudunmawa ranar suna ko aure, ranar nata ki mayar mata ninki, ita ma ta sake ninka miki. Wadda ta karɓa ta yi shiru ta zubar da mutuncinta. Wadda kuma ta mayar da daidai abin da aka ba ta, ba ƙari, ta ce ke nan a tsaya nan, zumunci ya ƙare. Haka uwar Ummusalma ta yi, haka kakarta ta yi. Don haka matar Kaduna ta sa mata mahaɗi ɗaya, ita ta sa mata biyu, ta ji ta sauke nauyi.

Sai Mairama ta ji labari. Mairama aminiyarta ce tun suna 'yan mata, aure ya kai ta Shinkafi, inda take haɗa turaren wuta da humra. Ita ma ƙanen mijinta ya buɗe mata shafi. Bikinsu ya girmi 'ya'yansu. Mairama ta sa mahaɗi ɗaya, Ummusalma ta sa biyu, Mairama ta sa huɗu. Ba a jira suna ko aure ba, tunda abin ba ya cin kuɗi. Kafin kaka ta zagayo, in ka sauka ƙasan shafin faya-fayai sunan Mairama kawai kake gani shuɗi-shuɗi kamar an ɓarar da tukunyar rini. Nata shafin ma haka.

Daga nan baƙi suka shigo. Saƙonni suka riƙa zuwa da Turanci daga mutanen da ba mu sani ba, daga ƙasashen da ko a rediyo ban taɓa jin sunansu ba. Duk maganarsu ɗaya: mun sa sunanki a shafinmu, ki sa namu. Ummusalma ta karanta a hankali, ta gane wannan ɗin dai.

"Baba, mutum shi taso daga wata uwa duniya shi yi min biki, in yi shiru?" ta ce da ni. "Mi za a ce da ɗiyar Zurmi?"

Ta sa wa kowa biyu. Ba ta taɓa leƙa gidan ko ɗaya ba. Ai ba a bincikar ƙwaryar da aka kawo maka gudunmawa a gaban mai ita.

Ana cikin haka waya ta yi shiru. Da farko mun ce sabis ne. Sai muka ce ko watan ne bai yi wa mutane daɗi ba. Matan Dauran ba su san komai ba, suna ta saƙa suna aikowa, Ummusalma kuma ba ta iya cewa su tsaya. Faya-fayai suka cika ɗakinta, suka fito zaurena, suka hau bango har suka rufe mini gora mai wuya biyu. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Wanda ya san kaba ya san abin da laima da gara ke yi mata.

Bilyaminu ya fara ratsowa ta ƙofarmu, ko da ba hanyarsa ba ce. Yakan rage gudu ya leƙa zauren.

"Baba Maiwada, sannu da gadi! Intanet ɗin bai zo ɗauka ba har yau? In ya makara ga buhuna nan, bai da sabis amma yana zuwa."

Ya ja mashin ya wuce. Abin da ke cikin zauren nan ba kayan ɗiyata ba ne, guminsu ne na matan da suka amince mata suka sallami dillali. In gara ta ci, wurinsa za su koma, kuma wannan karon sai ya rama.

Da muka ji Tambari ya dawo, muka shiga motar farko zuwa Ƙaura. Ya tayar da janareto, ya rubuta faifan Zamfara a injin. Babu mu a sama. Ya sauka, ya sauka, ya juya gaba, babu mu. Ya rubuta sunan Ummusalma kansa, nan ma sai can ƙasa. Sai ya buɗe shafin nata, ya gangara, ya ga shuɗin nan. Ya cire hula ya ajiye kan tebur.

"Malama, mi kinka yi?"

"Biki nim mayar."

"Biki? Da wa?"

"Da duk wanda yay yi min."

Ya taɓa ɗaya daga mahaɗan baƙin. Allon ya cika da karta da wasu ƙwallaye masu juyawa. Gidan caca ne. Ya taɓa wani, kwalaben giya. Ya taɓa na uku, ya yi wuf ya rufe allon da tafin hannunsa yana salati. Ummusalma ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ni kam miƙewa na yi. A jihar da aka rufe gidajen caca, aka fasa kwalabe a bainar jama'a, a nan ne aka manna sunan ɗiyata, malamar Islamiyya, a ƙofar gidan caca, ita kuma da hannunta ta nuna wa masu sayen faifai hanyar can, har sau biyu. Mutanen nan ba su san ta ba, ba su taɓa riƙe faifai ba. Sun dai gane akwai wata a wani wuri da ba ta iya karɓa ta yi shiru, suka shigo ta nan.

"Ɓarayi ne!" na ce. "To su a hukunta, mi ya kai injin ga ɗiyata?"

"Su ma ya binne su, Baba. Amma ba su damu ba, gobe su buɗe wani shafin da wani suna. Ita ce ke da suna guda."

"To a cire nasu, shi ke nan."

"Za a cire. Amma ba su kaɗai ba ne." Ya nuna sunan Mairama da ya cika rabin shafin. "Wanga ma."

Ummusalma ta sauke mayafin. "Mairama ba 'yar caca ba ce."

"Na sani. Amma injin abin da ya gani shi ne, ke kina nuna ta, ita tana nuna ki, kuna ta ninkawa. Wurinsa haɗa baki ne."

"Zumunci ne!" na ce, har mutanen da ke shagon suka waiwayo. "Zumunci ne haɗa baki?"

"Baba Maiwada, zauna in tambaye ka. Ka je gaban alƙali nan Zurmi ka ce, na zo in shaidi wane don shi ma ya shaide ni bara, kuma yau ninki biyu zan yi mashi. Alƙali zai rubuta shaidarka?"

"Korata zai yi."

"To injin ya kore ta. Mahaɗi shaida ce. Matar Kaduna ta sayi faifai, ta gani, ta yaba, ba wanda ya roƙe ta. Wannan ita ce ta gaskiya. In kina son gode mata ki kira ta a waya, ko ki aika mata faifai. Amma da kinka biya ta da mahaɗi biyu, kin mai da shaidarta ciniki. Laifina ne da ban faɗa miki tun farko ba, ban san za ki ɗauke shi biki na gaske ba."

Na zauna, amma ban yarda ba, kuma har yau ban gama yarda ba. Alƙali yana ganin fuskar mai shaida, yana tambayar unguwa wane ne shi. Makahon nan na cikin ɗaki bai san Mairama ta kwana uku a gidana tana dafa wa masu ta'aziyya abinci ba lokacin da mijin ɗiyata ya rasu. Ya haɗa ta da 'yan caca a buhu ɗaya.

Tambari ya share na baƙin nan take. Ya ce zai bi su da saƙo su cire sunanta, waɗanda suka ƙi kuma akwai inda ake shaida wa injin cewa ba mu san su ba, ba mu tare da su. Da ya kai kan na Mairama, Ummusalma ta ɗaga hannu.

"Dakata. Ba a bayan idonta ba."

"Malama, ruwa na tafe."

"Na ji. Ranar Alhamis zan tafi Shinkafi in faɗa mata da bakina."

Ranar Alhamis muka tafi, ranar kasuwa, motar cike da awaki da masu albasa. Muka sami Mairama a tsakar gida tana soya itacen turare, gidan duk ya ɗauki ƙamshi. Ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa, ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo ruwa da fura. Sannan ta juya ga ƙawarta tana dariya.

"Ke, 'yar rowa, ina nawa? Tun yaushe nis sa miki, ina ta leƙawa ban ga ninki ba. Ko faifai ya sa kin fi ƙarfin talakawa?"

"Shi ya kawo ni, ƙawa."

Ummusalma ta yi mata bayani tiryan-tiryan, caca da giya da injin da alƙali. Ta tambaye ta ko ita ma wayarta ta yi shiru. Mairama ta ce ta yi, amma ita ta san wadda ta yi mata baki, wata maƙwabciya ce mai sayar da humrar ruwa. Da aka zo kan cewa sai an cire mahaɗan duka, a bar ɗaya tak ko a bar babu, sai ta ajiye ludayin.

"Tsaya in gane. Biki kinka zo yankewa?"

"Ba biki ba, ƙawa. Rubutun kawai."

"Rubutun ba ni nis sa ba? Da hannuna, ina biyan mai mashin zuwa shago? Na ba ki, kin karɓa, yau ki ce in zo in kwashe kayana?"

"Ke ma zai taimake ki. Naki shafin ma ya nutse."

"Kar ki yi min wayo, Ummu. Kin samu manya a Kaduna da Abuja, sunan mai turaren Shinkafi ya zame miki datti. Kin haɗa ni da 'yan giya kin share."

"Wallahi ba haka ba ne."

"Baba, kana ji?" ta juyo gare ni, idonta ya kawo ruwa. "Gabanka anka ɗaura min aure. Ka taɓa jin inda na'ura ta raba biki?"

Ban taɓa ji ba, na kuwa faɗa mata ban taɓa ji ba. Na ce ni ma raina a ɓace yake. Amma na gaya mata abin da ke zaurena, da matan Dauran, da Bilyaminu da ke zagaye. Ta saurara har na gama don girmana. Sannan ta ɗauki ludayinta.

"Allah shi ba matan Dauran kasuwa. Ku gaida gida."

Ba ta raka mu ƙofa ba. Muka hau mota muka kamo hanya. Da muka iso Ƙaura ta ce direba ya tsaya, ta sauka ta shiga shagon Tambari. Ta ce ya matsa, da hannunta za ta yi. Ta share su ɗaya bayan ɗaya. Ta bar guda, inda ta rubuta cewa turaren da take sa wa kayanta kafin ta aika na Mairama ne ta Shinkafi, wanda gaskiya ne.

Tambari ya ce saura na wancan ɓangaren, don muddin shafin Mairama na cike da sunanta injin zai ci gaba da zargi. Ya buɗe don ya nuna mana yawansu. Babu ko ɗaya. Kafin motarmu ta iso, Mairama ta riga ta je shago ta kankare sunan Ummusalma kaf, ko na rantsuwa ba ta bari ba.

"Alhamdu lillahi," in ji Tambari. "Abin da muke so ke nan."

Na dube shi har ya sunkuyar da kai.

Ya rubuta wa masu injin bayani, ya ce ga abin da aka yi cikin rashin sani, ga gyaran da aka yi. Babu wanda za ka je ka durƙusa wa, babu dattijon da za ka aika. Jira kawai. Ruwa ya sauka. Muka ɗora faya-fayan kan katako, muka yi ta juya su, duk da haka gara ta hau ta bango ta ci na ƙasa. Wasu matan Gurbin Bore suka gaji suka aika wa Bilyaminu, ya saya a wulaƙance, yana faɗa a kasuwa cewa ya yafe musu. Na Dauran suka daure.

Ummusalma ta kira matar Kaduna ta gode mata da baki, kamar yadda Tambari ya ce. Ta ɗauki hotunan yadda ake yanko kaba da yadda ake rini, ta rubuta bayaninsu da Hausa ta ɗora. Wata malama mai koyar da sana'ar hannu a Zariya ta gani, ta nuna wa ɗalibanta da mahaɗi guda. Ranar da Ummusalma ta ga shuɗin nan na ga hannunta ya tafi kan allo da kansa. Ta janye shi ta sa a ƙarƙashin mayafi. Ta ce da ni ji take kamar ta ci abincin mutane ta tashi ba godiya.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da wayar ta yi ƙara. Wani ne daga Abuja, yana son faifai da lefe na bikin ƙanwarsa, a injin ya gan mu. Ba mu koma sama can ba, muna tsakiya, amma ana ganinmu. Zauren ya ragu kaɗan-kaɗan har gorana ya sake bayyana. Matan Dauran ba su koma wa dillali ba, na Gurbin Bore ma suka dawo ɗaya-ɗaya.

Bayan kaka jikata Nusaiba, ɗiyar Ummusalma ta fari, ta haihu. Ranar suna mata suka cika gida. Mairama ba ta zo ba, ta aiko da ƙulli ta hannun wata mai zuwa Zurmi. A haihuwar da aka yi gidan Mairama ta ƙarshe, Ummusalma ta kai mata turmin atamfa biyu da kwalla guda. Aka kwance ƙullin a gaban mata. Turmi biyu ne da kwalla guda.

Daidai abin da aka kai mata, ba ƙari. Ummusalma ta ninke atamfar ta kai ɗaki, ta fito ta ci gaba da raba tuwo. Wayarta na ta ƙara a ƙugunta, wani mai saye ne daga Kaduna, ba ta ɗauka ba sai da ya sake kira.

Da na je Ƙaura na gaya wa Tambari ya rubuta wa masu injin nan, ya faɗa musu abin da gyaransu ya ci. Ya ce babu gurbin rubuta irin wannan. Na ce ya duba da kyau. Ya duba, ya ce babu. Na dawo gida na ɗauki ɗaya daga faya-fayan da gara ta ci, na buga ƙusa na rataye shi.